Cokalin Ranar Litinin

Zuwa ga Yaya Fada,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kai da ɗalibanka. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa, maganar da ke cikina ba ta jira.

Yaya, sai ranar Litinin da ta wuce na gane abin da ya kashe 'yata Kurciya, sati biyar bayan mun binne ta. Ina tsugune a bakin famfo ina ɗauraye ƙyallayen bagade, na teburin Misa a coci, sai Nas ta shigo, maƙwabciyar nan tawa da ta yi ritaya daga asibiti. Ta zo karɓar ragowar gwangwanayen garin kauri, za ta kai wa wani tsoho mai shanyewar jiki. Ka tuna garin, wanda likita ya ce in riƙa damawa cikin duk abin da yarinyar za ta sha, don maƙoshinta ba ya rufewa da kyau. Nas tana tattara gwangwanaye tana yabona. Ta ce ta ga iyaye iri-iri a aikinta, ba ta ga mai bin dokar likita kamata ba. Ta ce, "Masu irin lalurarta, cokali guda na ruwa zalla ya isa ya bi ta hanyar iska ya kwanta a huhu, kuma ba lallai su yi tari ba. Ke kuwa ko ɗigo ba ki taɓa ba ta ba."

Na ce mata haka ne. Ta ɗauki kayanta ta fita. Ni kuma na zauna daɓas a cikin jiƙa, famfo yana ta zuba, har ƙafafuna suka mutu.

Yaya, na ba ta. Kowace Litinin, shekara goma sha ɗaya.

Bari in faɗa maka daga farko, don ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ka san ni ke wanke kayan bagaden cocinmu. Tsohuwar Sistar coci da ta koya mini aikin ta ja mini kunne a kan abu ɗaya. Ƙananan ƙyallayen da Fada ke goge ƙoƙon ruwan inabi da su bayan Misa, ba a haɗa su da sauran wanki. Ana fara jiƙa su a kwano na daban, cikin ruwa mai tsabta, ba sabulu. Wannan ruwan na farko ba a zuba shi a kwata, sai a ƙasa inda ba a takawa, domin ƙyallen ya taɓa Jinin Almasihu. Ni a gindin bishiyar lemon tsakar gidanmu nake zubawa. Da safiyar Litinin nake wannan aikin.

Da Kurciya ta kai shekara takwas, aka buɗe ajin yara masu shirin karɓar gurasar Misa, Jikin Almasihu. Na goya ta na kai ta. Har farar riga na fara ɗinka mata. Katikis, malamin ajin, ya sunkuya gabanta ya tambaye ta wa ya halicce ta. Ta yi masa ɗan kukan nan nata na kurciya, wanda ya sa muka laƙaba mata sunan. Yara suka fashe da dariya. Ba mugun mutum ba ne Katikis, har zufa ya yi. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa, Fadanmu na lokacin kuma yana kwance a asibiti, don haka zai rubuta wa wani Fada mai zurfin karatu ya tambaya. Bayan sati biyu ya kira ni ya ce amsa ta zo: a jira sai ta yi hankali. Na tambaye shi yaushe ke nan. Ya tsaya yana kallon takalminsa.

Ranar Lahadin da 'yan ajinsu suka karɓa, ina bencin baya da ita a cinyata. Washegari na jiƙa ƙyallaye, na ɗauki kwanon zan nufi gindin lemo, sai na tsaya. Na ga ruwan ya ɗan sauya launi kaɗan. Na ce a raina, bishiya za ta sha, 'yata ba za ta sha ba? Na ɗebi cokali guda na kai mata. Ban dama gari a ciki ba. Ta yaya zan zuba gari cikin abin da ya taɓa Jinin Ubangiji, kamar ina haɗa abincin jarirai? Komai na duniya ina kaurara mata, har maganinta, amma wannan na bar shi yadda ya zo.

Sau huɗu ciwon huhu yana kwantar da ita a shekarun nan, na biyar ɗin ya tafi da ita. Ban taɓa haɗa biyun a kaina ba sai da Nas ta yi magana.

Tambaya biyu gare ni, kai ne mai karatun gidanmu. Ni ka san a aji biyar aka tsayar da ni don in taimaki Inna. Ta farko: sata na yi wa Allah, shi kuma ya rama a kan yarinyar? Ta biyu ta fi ci mini rai. Ranar gaisuwa, matar shugaban mawaƙa ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, gara da aka huta, ai dama jiki ne kawai, ba kowa a ciki. Da nufin ta'aziyya ta faɗa. Amma na tuna a littafin katikisim an koya mana cewa abin da ya raba ran mutum da na dabba shi ne hankali. To ita da aka ce ba ta yi hankali ba har ta mutu, wa ya tafi wurin Allah? Akwai wanda ya tafi?

Ban tashi karɓar Tarayya, Jikin Almasihu, ba ranar Lahadi. Ban je furta zunubi ba kuma. Sabon Fadanmu sa'an ɗan cikina ne, ina jin nauyinsa. Ruwan Litinin ta ƙarshe, wanda na ɗiba mata ranar da aka kwantar da ita a asibiti ba ta samu sha ba, yana nan cikin wata 'yar kwalba a kan taga.

Ka amsa mini da gaskiya, kada ka lallashe ni. Allah ya ƙara maka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Alheri da salama daga Allah Ubanmu su tabbata a gare ki. Wasiƙarki ta same ni lafiya, na kuma karanta ta da natsuwa. Ina sake neman afuwa da na tafi nan da nan bayan Misar jana'iza, jarrabawar ɗalibai ce ta matsa. Kin nemi gaskiya, zan ba ki ita bi da bi.

Na farko, batun rai. Matar nan ta yi kuskure babba. Ikilisiya tana koyarwa cewa ran kowane mutum Allah ne da kansa ke halittarsa. Ba iyaye ke haifar da shi ba, ba kuma ƙwaƙwalwa ke samar da shi ba, ba ya mutuwa in jiki ya mutu. Gaskiya ne hankali na daga cikin baiwar rai, amma a wannan duniya ta hanyar jiki yake aiki. Idan jikin ya samu matsala, aikin ne ke tsayawa, ran yana nan cikakke. Ki tuna Baba a ƙarshen rayuwarsa, lokacin da hannunsa ke rawa har ba ya iya riƙe zarto. Kafintancin bai bar shi ba, hannun ne ya ƙi. Yarinyarki mutum ce cikakkiya tun ranar da aka ɗauki cikinta. An yi mata baftisma, ba ta kuma taɓa iya yin zunubi da saninta ba. Ba ni da shakkar inda take.

Na biyu, batun ramuwa. Allah ba ya kashe 'ya don ya hukunta uwa. Ki cire wannan daga zuciyarki. Shi ne ya ba mu bangaskiya, shi ne kuma ya ba mu hankali, kuma ba ya ƙaryata kansa, saboda haka biyun ba sa saɓa wa juna. Tambayar abin da ya shiga huhunta tambayar likita ce. Ki je ki same shi ki faɗa masa komai, kada ki tsaya kan maganar maƙwabciya.

Na uku, batun sata, kuma a nan nake ganin za ki fi samun sauƙi. Almasihu yana cikin Sakramenti muddin kamannin gurasa da na ruwan inabi suna nan. Idan ɗan abin da ya rage a ƙyalle ya narke cikin ruwa mai yawa har kamanninsa suka ɓace, to babu sauran Sakramenti a wurin. Dalilin jiƙawar ke nan tun asali. Ana zuba ruwan a ƙasa ne don girmamawa. Saboda haka ba ki wulaƙanta Jinin Ubangiji ba, ba ki kuma saci komai ba. Abin da kika ba ta ruwa ne kawai. Kin saɓa wa ƙa'idar da aka koya miki, wannan ki ambata wa Fadanku, kada ƙuruciyarsa ta hana ki, ba da ikon kansa yake zama a kujerar sauraron zunubi ba. Amma ba shi ne babban laifin da kike tsoro ba.

Ruwan kwalbar ki zuba shi a gindin bishiya kamar yadda aka saba. Ki koma ga Tarayya, ki riƙa cin abinci. Ina tunawa da ke a Misa kowace safiya.

Naki cikin Almasihu,
Yayanki

*

Yaya Fada,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da amsa. Da fatan jarrabawar ta ƙare lafiya, ɗaliban duk sun ci.

Na karanta wasiƙarka sau huɗu. Tana da kyau, kamar rigar da aka goge ba a sa ba. Na farko da na biyu na gode. Maganar Baba ta sa ni kuka, ko da yake Baba ya yi kujeru kafin hannunsa ya ƙi, har yau a kan ɗaya nake zaune ina rubuta maka. Ita kuwa ba ta bar ko kujera ɗaya da zan nuna wa matar shugaban mawaƙa ba.

Na je wurin likita kamar yadda ka ce. Na yi layi tun safe kamar marar lafiya, da aka kira ni ya ga ni kaɗai ce, ya tashi ya ba ni kujera da kansa. Na faɗa masa komai, har da inda ruwan ya fito. Ba ɗan cocinmu ba ne, amma bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce yawun bakinta ma yana gangarawa huhunta kowace rana, ba wanda zai iya hana wannan. Na ce masa ba yawu na zo tambaya ba. Sai ya ce, "Mama, in na ce miki cokalin ne, na yi ƙarya. In na ce miki ba shi ba ne, na yi ƙarya. Ban sani ba, kuma babu gwajin da zai nuna yanzu." Ya ƙara da cewa masu irin lalurarta ba kasafai suke kai shekara goma sha tara ba. Na yi masa godiya na fito. Ka ga inda hankali ya kawo ni ya ajiye, Yaya. Bakin ƙofar asibiti.

Yanzu na uku ɗinka. Ka ce a nan zan fi samun sauƙi. A nan ne ka kashe ni.

Kafin wasiƙarka ina ganin ni ɓarauniya ce, amma ɓarauniyar da ta sato wa 'yarta abu. Ina cewa ko wuta zan shiga, ita dai ta ɗanɗana. Yanzu ka ce ruwa ne kawai. Ke nan shekara goma sha ɗaya ina durƙusawa gaban ruwan famfo. Ke nan abin da wataƙila ya cika mata huhu, ba komai a cikinsa. Da ka bar ni da satata.

Ban ce ka yi ƙarya ba. Kai ka karanta, ni wanki na iya. Amma akwai abin da ba ka sani ba, don ba ka taɓa ba ta abinci ba.

Kurciya ba ta son cokali. Yaƙi muke yi sau uku a rana. Ta datse haƙora, ta kau da kai, ta furzar mini a fuska. Akwai cokula bakwai a kwandona da ta lanƙwasa da haƙori, Nas tana kiranta maƙeriya. Ubanta ma, kafin ya tafi kai kaya da motarsa ya manta hanyar gida, cewa yake gara ya canza taya huɗu a cikin ruwan sama da ya ba ta loma biyu. Abu biyu kawai na san tana so a duniya: ƙarar dutsen guga in na yayyafa ruwa, da hasken da ke faɗowa bango ta taga da hantsi.

Amma ranar Litinin, in na shigo da wannan cokalin na durƙusa a gefen gadonta na yi alamar gicciye, sai kukan kurciyar ya tsaya. Hannunta na hagu da ke naɗe kullum ya saki. Ta buɗe baki da kanta, ba na ko taɓa haɓarta. In ta haɗiye sai ta yi shiru, ta daɗe, idonta a kaina, ba a bango ba. Shirun ya kan kai tsawon addu'ar Ubanmu sau uku. Daga nan ta koma halinta, ta ja mini ɗankwali.

Na taɓa gwada yi mata wayo. Wata Alhamis ta ƙi shan maganin farfaɗiya, na ɗauko cokalin Litinin, na durƙusa, na yi alamar gicciye, na miƙa. Ta kalle ni irin kallon da Inna ke mana in mun ce ba mu muka taɓa sukari ba, ta datse bakinta. Kwana biyu tana fushi da ni. Za ka ce warin magani ta ji. Wataƙila. Ni dai kunya ta kama ni, na roƙi gafararta, ban sake ba.

To ga tambayata, kuma ita ce ta ƙarshe, ba zan ƙara damunka ba. In ruwa ne kawai, me take yi wa shirun nan? In kuma ba ta da hankalin da ke aiki, da me ta bambanta Litinin da Alhamis? Ka duba cikin littattafanka. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Wa ya halicce ki kawai aka tambaye ta, a gaban yara ashirin.

Ban zubar da ruwan ba. Ban je wurin Fada ba. Wanki dai ina yi, don ba wadda za ta karɓa, sauran matan sun ce ƙyallayen sun cika ƙa'ida. Ruwan farko ina kai shi gindin lemo duka, ba na rage komai. Bishiyar sai ƙara kyau take.

Ka gaishe da mai dafa muku abinci, ka ce ta rage gishiri saboda hawan jininka. Ka huta lafiya.

Auta

*

Auta, 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafarar jinkiri. Sati uku wasiƙarki tana aljihuna. Na fara amsa sau da yawa ina yagewa, domin duk wadda na fara sai ta fito da na farko da na biyu.

Ba sai na duba littafi ba, na san abin da ke ciki, ni nake koyar da shi. Ikilisiya ba ta ce sai mutum ya haddace amsoshi kafin a ba shi Jikin Almasihu ba. Ga mai irin lalurar Kurciya, abin da ake nema shi ne ya iya bambanta wannan da abinci na yau da kullum, ko da ba da baki ba. Ko da motsi ne, ko yanayin fuska, ko shiru na girmamawa. Ana tambayar wanda ke kula da shi, domin shi ya san alamunsa. In kuma an yi shakka, ana yanke hukunci ta wajen ba shi, ba ta wajen hana shi ba. Hatta haɗiya da ke mata wuya, akwai yadda ake yi, ɗan ƙaramin gutsure ya isa. Abin da kika rubuta game da Litinin da Alhamis, da Fada ya zauna a ɗakinki sa'a guda ya gani da idonsa, da ya ba ta.

Auta, ni ne Fada mai zurfin karatun da Katikis ya rubuta wa.

Shekarar na dawo daga ƙarin karatu, kaina cike. Takardarsa ta same ni tsakanin aji da aji, na amsa a layi uku a tsaye. Bai ambaci ko 'yar wa ce ba, amma ya ce shekararta takwas, ba ta magana, uwarta ke wankin bagade. Na sani. Na gaya wa kaina cewa bai kamata a ce na sassauta doka don 'yar ƙanwata ba. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Na gaskiyar shi ne tsoron ɗakin nan nake. Sau biyu na zo gidanki a shekara goma sha ɗaya, kin tuna, daga bakin ƙofa na sa mata albarka, na ce sauri nake. Ina koya wa samari cewa rai cikakke ne ko jiki ya lalace, amma ban iya haɗa ido da ita ba. Tafiyar rabin yini ce tsakaninmu. Ba bangaskiya ce ta hana ta ba, ba kuma hankali ba. Hankali cewa yake je ka gani kafin ka yanke. Ban je ba.

Da na je, da ba ki taɓa ɗaukar cokalin nan ba. In akwai wanda zai ɗauki nauyin abin da likita ya kasa tabbatarwa, to ki miƙo mini rabi, ko fiye.

Maganar ruwa ba zan janye ta ba, don kin ce kada in lallashe ki. Ruwa ne. Amma na bar rabin koyarwar a waje, kuma shi ne rabin da kike bukata. Allah ya ɗaure mu da sakramenti, bai ɗaure kansa ba. Wanda ya yi marmarin karɓarsa da gaske aka tare masa hanya, Allah ba ya barinsa hannu wofi. Kin tambayi me take yi wa shiru. Mai bincike zai ce fuskarki take karantawa, ta ga ranar Litinin uwarta daban take. Na yarda da wannan. Amma wanda ya kalli fuskar wani ya gane cewa abin da ke tafe ya fi abinci, har ya buɗe baki ya jira, hankali ke nan yana aiki, kuma haka kowannenmu ya fara bangaskiya, a fuskar Inna. Abin da ya wuce tsakaninta da Allah a cikin shirun nan, ban sani ba. Ke kika fi kusa.

Shekaranjiya na shiga aji zan koyar da darasin rai. Na rubuta kan magana a allo, na juyo na ga fuskokinsu, na kasa. Na ba su labarin wani Fada da layinsa uku, na sallame su. Na je na furta wa babbanmu zunubina, ya ba ni gafarar Allah. Taki ce ban samu ba, kuma ba ni da bakin cewa dole ki bayar.

In kin yarda zan zo ƙarshen wata, in yi Misa domin ta, in kuma shiga ɗakin.

Yayanki, wanda ya yi miki laifi

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta zo, wannan karon da muryarka, ba ta allo ba.

Na sani tun ranar. Katikis ya nuna mini takardar don kada in ce shi ya ƙi. Ya rufe sa hannun da babban yatsansa, amma ni da na yi shekaru ina share teburin da kake karatu, zan manta rubutunka? Na ce a raina, in Yaya ya faɗa, haka ne, shi aka tura ya karanto mana. Na naɗe farar rigar, ko kalmasa bakinta ban yi ba, na sa a ƙasan akwati. Duk zuwan da ka yi na goge maka rigarka, na ga kana tsaye a bakin ƙofa, ban ce ka shigo ba. Da na ce, wataƙila da ka shigo. Wannan laifin nawa ne, kada ka haɗa da naka.

Ka zo ƙarshen watan. Ban taɓa gadonta ba, akwai kujerar Baba a gefe. Ka zo ranar Lahadi ka kwana, don safiyar Litinin ta same ka a ɗakin, ka ga inda hasken ke faɗowa.

Maganar gafara, ina so in ba ka. Na gwada faɗa a bakin famfo ni kaɗai, bakina bai kai ba tukuna. Ba zan rubuta abin da ban iya faɗa ba.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

Ban je wurin Fada ba har yanzu. Ruwan yana nan a kan taga, ya fara raguwa da kansa. Ban zubar ba.